Horar da Masu Binciken Lafiyar Hankali a Ƙasar Hausa: Misali daga Gaya da Ajingi



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba hanyoyin da ɗalibi ko ma'aikaci zai bi ya zama mai bincike a kan lafiyar hankali, da abin da zai tarar a kan hanyar, da kuma dalilin da ya sa ƙasar Hausa take bukatarsa. An ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, ta zama abin misali, domin magana in ba a ɗaure ta a jikin wani wuri ba, iska take bi. Za a fara da girman matsalar, sa'an nan abin da magabata suka yi, sai matsayin harshe a cikin wannan bincike, sai matakan horo, a ƙarshe kuma abin da ya rataya a wuyan hukuma da jami'a.

Tun da fari ya kamata a daidaita kalma. Gidajen rediyo sun saba da cewa "lafiyar ƙwaƙwalwa". A nan kuwa an fi son "lafiyar hankali", saboda Bahaushe a cikin maganarsa ta yau da kullum hankali yake ambata. Yakan ce hankalin wane ya tashi, ko ya kwanta, ko ya gushe, ko an sami taɓin hankali. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce a cikin ƙoƙon kai, hankali kuwa shi ne abin da dangi suke gani ya canja.

Girman matsalar

Bisa ga ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Ajingi tana da mutum fiye da 170,000, ta Gaya kuwa kimanin 200,000, watau a haɗe wajen 375,000, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. A 'yan shekarun nan ƙungiyar likitocin hankali ta Nijeriya ta sha bayyana cewa ƙwararrun likitocin wannan fanni da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga jama'ar da ta haura miliyan 200. In aka raba, kowane likita ɗaya zai tashi da mutum kusan 700,000. Ashe ke nan Gaya da Ajingi a haɗe, a lissafin 2006, rabonsu kimanin rabin likita ne kawai. Ko wannan rabin ma ba a raba shi daidai ba, don yawancin likitocin suna manyan birane.

Abin da wannan lissafi yake nufi a aikace shi ne, magidanci a Toranke ko Balare ko Gafasa, wanda ɗansa ya fara surutai ya daina barci, in yana son ganin ƙwararre, sai ya ɗauko shi ya biyo ta Gaya da Wudil ya shigo Kano. Daga nan ko dai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kuwa ya ratsa birnin ya fita ta hanyar Katsina zuwa asibitin Dawanau. Tilas mutum biyu ko uku su raka mara lafiyar, ga kuɗin mota, ga na magani, kuma ciwon ba na zuwa ɗaya ba ne. In damina ce, kowace tafiya yinin gona guda ce ta tafi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga magidancin ya fara da malamin unguwa ko boka, in abin ya gagara a sa yaron a ɗaki a rufe, ko a kai shi gidan mari. A 2019 jami'an tsaro sun buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura da wasu garuruwa, aka fito da ɗaruruwan mutane, waɗansu da sarƙa a ƙafa.

Ga kuma shaye-shaye. Rahoton 2018 na binciken da aka yi da taimakon ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Amma lissafin ƙasa baki ɗaya ba zai gaya wa shugaban sashen lafiya na Ajingi yawan masu farfaɗiya a mazaɓunsa ba, ko yawan matan da hankalinsu yake rikicewa bayan haihuwa, ko inda ake fara kai su. Wannan aikin mai bincike ne, kuma wanda bai san yawan bakin da zai ciyar ba, ba ya iya awon tsaba.

Abin da magabata suka yi

Dokar farko da Turawa suka kafa a kan wannan sha'ani ta fito a 1916, aka sabunta ta a 1958. Manufarta tsare mahaukaci ce don kada ya cuci jama'a, ba ta damu da warkar da shi ba. Wannan doka ta zauna har watan Janairu na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta tanadi haƙƙin mara lafiya, da sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun kula da wannan fanni.

Wanda ya fara nuna cewa ɗan ƙasa zai iya yin bincike mai nauyi a nan gida shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo. Bayan ya yi karatu a Ingila, ya dawo Aro kusa da Abekuta a 1954. Maimakon ya kulle marasa lafiya a asibiti, sai ya saukar da su a ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da wani danginsa, suna karɓar magani suna zaune cikin jama'a, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya haɗa kai da masana daga Jami'ar Kwanel ta Amurka suka yi bincike a ƙauyukan Yarbawa, aka buga sakamakon a 1963. Lambo ya zama shugaban Jami'ar Badun, sa'an nan Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Abin lura ga ɗalibi shi ne, bincike a ƙauye ne ya kai shi wannan matsayi.

Bayansa, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Badun ya jagoranci wani babban bincike da aka buga a 2006, inda aka tambayi mutum kusan 5,000 a jihohin Yarbawa. An tarar kimanin kashi 12 cikin ɗari sun taɓa fama da wani ciwon hankali a rayuwarsu, kuma daga cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani, waɗanda suka sami magani ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba.

A nan Jihar Kano ma an taɓa. A 2004 likitoci huɗu, M. Kabir da Zubairu Iliyasu da Isa Abubakar da Muktar Aliyu, sun buga binciken da suka yi a Karfi, cikin ƙasar Kura, inda suka tambayi manya 250 ra'ayinsu game da taɓin hankali. Kimanin kashi 34 cikin ɗari suka ce shaye-shaye ne ke kawo shi, kashi 19 suka danganta shi da hukuncin Allah, kashi 18 kuwa da sammu ko iskoki. Da aka zo batun magani, kashi 46 suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi addu'a da makamantanta. Wannan ɗan ƙaramin bincike ya gyara wani zato da ya daɗe, watau cewa mutumin karkara iska kaɗai ya sani. Ya kuma nuna cewa aikin da ya amfani duniyar ilmi ba lalle sai da miliyoyin kuɗi ba. Ƙauye ɗaya ne da tambayoyi masu tsari.

Harshe shi ne ma'auni

Likitan da ke neman zazzaɓin cizon sauro yana da jini da madubin ƙara girma. Mai neman ciwon hankali kuwa, mafi yawan abin da yake da shi tambaya ce da amsa. In tambayar ta karkace, sakamakon ya karkace, kome ƙwarewar wanda ya yi lissafin. Yawancin takardun tambayoyin da ake aiki da su an tsara su ne da Turanci, a Ingila ko Amurka, sa'an nan a fassara. A nan ne masanin Hausa yake shigowa.

Alal misali, a ɗauki ciwon nan na mutuwar zuciya da yankewar jin daɗi, wanda yakan daɗe makonni ya hana mutum aiki. In mai fassara ya rubuta "Kina baƙin ciki?", ya jawo rikici biyu. Na farko, baƙin ciki a Hausa yana ɗaukar ma'anar hassada, kamar a ce wance tana baƙin ciki da arzikin kishiyarta, don haka matar da aka tambaya tana iya jin an zarge ta. Na biyu, tarbiyya ta hana mutum ya yi ƙorafi a kan abin da Allah ya hukunta, amsar da za ta fito ita ce "Alhamdu lillahi". Mai bincike sai ya rubuta lafiya lau, alhali matar ta yi wata biyu ba ta barci. Da an tambaye ta ko tunani ya yi mata yawa, ko abinci ya fita daga ranta, ko jikinta ya mutu, ko tana jin wani abu ya tokare mata ƙirji, da an ji wata magana dabam.

Haka kalmar "damuwa" take. Tana ɗaukar fargabar da ke hana barci, tana kuma ɗaukar ɗan abin da yaro ya yi ya ɓata wa uwa rai. "Zuciya" tana nufin gaɓa, tana nufin fushi, tana nufin himma. "Hauka" kuwa Bahaushe ya keɓe ta ga wanda ya fita tsirara ko yake jifa, don haka da zarar mai bincike ya ambace ta a zaure, maigida zai ce babu mai irin wannan a gidansa, ya rufe ƙofa a kan mutum uku da suke bukatar taimako. Ga waswasi, ga firgita, ga gigin tsufa, ga bugun iska, kowace da iyakarta a bakin jama'a, kuma iyakar ba lalle ta dace da ta littafin likita ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun tattara kalmomin, amma auna su a bakin marasa lafiya aiki ne dabam, wanda yake jiran mai yi.

An yi irin wannan aiki a wata ƙasa. A Zimbabuwe, Vikram Patel da abokan aikinsa sun saurari yadda masu jin harshen Shona suke bayyana ciwonsu, suka tsara tambayoyi 14 daga bakin mutanen, aka buga a 1997. Babbar kalmar da suka samu ma'anarta yawan tunani. A kan wannan harsashi Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa bisa tsari, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hanyar. Harshen da ke da masu magana miliyoyi masu yawa kamar Hausa ya cancanci irin wannan ma'auni nasa na kansa.

Matakan horo

Hanyoyin shiga wannan fage huɗu ne, kuma ba duka ke bi ta makarantar likita ba.

Ta farko ita ce ta likita. Bayan shekara shida a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki, da bautar ƙasa, likita yakan shiga horon ƙwarewa a asibitin da aka amince da shi, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin hankali na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Jarrabawa tana hannun Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa ko takwararta ta Afirka ta Yamma, kuma ba a gamawa sai an rubuta kundin bincike. Wannan kundi shi ne ƙofa. Da yawa sukan ɗauke shi kamar shingen da za a tsallake a manta, alhali wanda ya zaɓi tambaya mai kyau, ya buga sakamakonta a mujalla, ya sami tsanin farko na neman digirin digirgir da tallafin bincike.

Ta biyu ita ce ta ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na karkara. Nas yana iya ƙarin karatu a fannin jinyar masu taɓin hankali, kamar a makarantar da ke asibitin Barnawa. Tun 1991 manufar gwamnati ta sa lafiyar hankali cikin ayyukan ƙananan asibitoci, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda jagoransa na 2010 yake koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane farfaɗiya da taɓin hankali da matsananciyar damuwa, ya ba da maganin farko, ya san lokacin turawa gaba. Ma'aikacin ɗakin shan magani a ƙasar Ajingi wanda ya sami wannan horo, ya kuma riƙe rajista mai tsabta shekara biyu, yana riƙe da bayanin da babu farfesan da ke da shi. Daga nan hanyar digiri a fannin lafiyar al'umma a buɗe take.

Ta uku ita ce ta masana halayyar ɗan Adam da zamantakewa da ƙididdiga. Su ne suke tsara yadda za a zaɓi gidajen da za a shiga, da yadda za a tabbatar sakamakon ba dace ba ne.

Ta huɗu ita ce ta ɗaliban harshe da al'ada. Turawa da baƙi sun riga sun yi rubutu a kan maganin Bahaushe. Murray Last ya yi shekaru yana nazari a ƙasar Malumfashi, Lewis Wall ya buga littafinsa a kan maganin Hausawa a 1988, Ismail Abdalla kuma ya buga nasa a kan Musulunci da magani a Arewacin Nijeriya a 1997. A gida, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi aiki mai yawa a kan magungunan gargajiya. Ɗalibin Hausa da zai rubuta kundinsa a kan kalmomin ciwon hankali a karin harshen gabashin Kano, ya zauna da masu jinya da malaman ruƙiyya da ungozomai, zai fito da abin da likitoci za su nema da kansu.

Game da kuɗin karatu, malamin jami'a ko kwaleji ta gwamnati yana da asusun TETFund, wanda yake ɗaukar nauyin ƙarin karatu da bincike. Akwai guraben karatu na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Gidauniyar Wellcome ta Ingila ta tallafa wa wani shiri da aka fara a 2015 don horar da masu digirin digirgir a wannan fanni a Habasha da Malawi da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, abin da ya nuna masu ba da tallafi suna neman 'yan Afirka su ja ragamar binciken ƙasashensu. Abin da irin waɗannan hukumomi suke dubawa kusan ɗaya ne: tambaya bayyananniya, malami mai duba aikin, izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da shaidar cewa mai nema ya taɓa gama wani ƙaramin aiki ya buga shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ɗalibin ajin ƙarshe ya kamata ya fara koyon ƙididdiga da rubutun rahoto tun yanzu.

Cikas, da abin da ya rataya a wuyan hukuma

Ba daidai ba ne a kwaɗaita wa matasa hanya a ɓoye musu ƙayarta. Cikas na farko tsangwama ce, don har a cikin asibiti akan tsokani mai wannan fanni da cewa likitan mahaukata shi ma sai a hankali. Na biyu, wanda ya ƙware yakan sami kira daga Ingila ko Kanada ko Saudiyya da albashin da gida ba ta iya biya. Na uku, ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya tafi ƙarin karatu yakan dawo ya tarar babu kujerar da ta dace da abin da ya koyo, a mai da shi inda ya baro.

Maganin na uku yana hannun ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure. Abu na farko, a riƙa ba da hutun karatu da albashi ga jami'an lafiya na karkara, da sharaɗin su dawo su yi wa yankinsu aiki na wasu shekaru. Na biyu, a sa jami'i ɗaya mai kula da lafiyar hankali a sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma, a kuma ba ciwon hankali gurbinsa a rajistar wata-wata, don abin da ba a rubuta ba ba ya shiga kasafin kuɗi. Na uku, a tabbatar da magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali a Babban Asibitin Gaya da ƙananan asibitocin da ke kewaye. Zalunci ne mai bincike ya shiga gari ya gano marasa lafiya, ya rubuta sunayensu, ya tafi ya bar su ba magani.

Jami'a kuma tana da nata. Ya kamata sashen Hausa da sashen likitancin hankali na Jami'ar Bayero su riƙa duba kundin ɗalibi tare, kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda take maƙwabciyar Gaya, tana iya ba da masu ƙididdiga da kwamfuta. A kuma ba mata fifiko wajen horo. A yawancin gidajen karkara ba a barin baƙo namiji ya wuce zaure, kuma mai jego ba za ta faɗa wa namiji abin da ke ranta ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sauran batu ɗaya, watau malamai da masu maganin gargajiya. Su ne ake fara kai wa mara lafiya, kuma za a ci gaba da kai musu. Gwajin da Gureje da abokan aikinsa suka yi a Badun da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka haɗa kai da masu maganin gargajiya da na addini, masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. Ko wannan hanya za ta yi aiki tsakanin malamin zaure da jami'in lafiya a ƙasar Hausa, da wane sharaɗi, da yadda za a kawar da mari da duka, tambaya ce da ta isa kundin digirin digirgir.

Kammalawa

Tarihin Kano ya nuna cewa maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala daga Gaya suka fito, suna neman tama. Ƙasar da ta ba birni masu sana'a tun farkonsa ba ta rasa 'ya'yan da za su iya wannan aiki ba. Abin da ake bukata shi ne ɗalibin da zai zaɓi tambaya ɗaya daga mahaifarsa ya bi ta har ƙarshe, da malamin da zai duba shi, da ma'aikacin da zai sa hannu a takardar hutun karatunsa, ya kuma tanadar masa wurin zama in ya dawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da aka sami mutum biyar daga Gaya da Ajingi masu wannan horo, magidancin Toranke zai sami wanda zai saurari ciwon ɗansa da harshen da yake ji, a wurin da zai iya zuwa da safe ya koma gona da hantsi.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka a cikin karatu.